Suna cin lambar zinare, ƙiba kuma tana cin su a hankali

In aka ce maka ɗan wasa, hoton da zai fara zuwa maka shi ne mutum mai murɗaɗɗen jiki, ba tumbi ba teɓa, wanda in ya taka ƙasa ma kamar bai taka ba. To amma nemi bidiyon buɗe gasar Special Olympics ta duniya da aka yi a Berlin ta ƙasar Jamus a watan Yunin 2023, ka nutsu ka kalli jerin gwanon 'yan wasan. Za ka ga murna ta gaskiya wacce ba a iya yinta da gangan, wannan na rawa wancan ya rungume kocinsa, wata na kuka tana dariya lokaci ɗaya. In kuma kana zaune da mai naƙasar ƙwaƙwalwa a gida kamar yadda nake zaune da ƙanena, idonka zai kama abu na biyu da sauran mutane ba za su kula ba, wato da yawa daga cikin manyan, musamman matan, jikinsu ya yi nauyi sosai. Ba zagi nake ba wallahi, abu ne da su kansu masu shirya gasar suka daɗe da sani suna kuma aunawa.

Ga wanda bai san ta ba, Special Olympics gasa ce ta masu naƙasar ƙwaƙwalwa, ina nufin waɗanda tun suna yara fahimtarsu da koyonsu ke tafiya a hankali, irin masu larurar Down da makamantansu. Daban suke da masu taɓin hankali duk da mutanenmu na yawan haɗa su a kwando ɗaya. Wata Ba'amurkiya ce Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, ta assasa ta, kuma dalilinta a cikin gida yake, yayarta Rosemary tana da larurar. Ta fara da tara yara a harabar gidanta a 1962 suna wasanni, sai a watan Yulin 1968 aka yi gasa ta farko a birnin Chicago da 'yan wasa wajen 1000 daga Amurka da Kanada. Yau abin ya game duniya, an yi ta a Abu Dhabi a 2019, Najeriya ma tana da reshe kuma yaranmu na zuwa suna ciwo lambobi. Ba kamar gasar Faralimfik ta masu naƙasa ba ce da sai zaƙaƙurai, nan kowa na shiga daga shekara 8 zuwa sama ba iyaka, ana haɗa ka da sa'anninka a ƙarfi ku fafata. Wannan shi ne kyawunta, kuma shi ya sa abin da aka gani a jikin 'yan wasanta yake gaya mana halin da talakan mai larura yake ciki ba na zakara ɗaya tilo ba.

A 1997 suka ƙirƙiro wani shiri na duba lafiya kyauta a gefen filin gasa, suna kiransa Healthy Athletes. Ana kafa rumfuna, likitoci da nas-nas masu aikin sa kai su duba ido, haƙori, kunne, ƙafa, a gwada hawan jini, a ɗora mutum a sikeli a auna tsawonsa. Shekara da shekaru ana rubuta waɗannan alƙaluman har suka taru suka zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan bayanai kan lafiyar masu naƙasar ƙwaƙwalwa a duniya. Da masu bincike a jami'o'in Kanada da Amurka suka zauna suka tace su, abin da ya fito bai yi daɗi ba. Fiye da rabin manyan 'yan wasan da aka auna nauyinsu ya wuce yadda ya kamata, nahiyar Amurka ta Arewa ce kan gaba, mata sun fi maza, kuma abin na ƙaruwa da shekaru. A ƙasashe marasa ƙarfi kuma sai aka ga rama ta fi yawa in an kwatanta da ƙasashe masu arziki, wato wuta biyu ce, wani yunwa wani ƙiba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, waɗannan fa su ne masu sa'a. Su ne waɗanda suke da uwa ko yaya ko malami da ya damu ya yi musu rajista, ya kai su fili, ya saya musu kambas. To ina ga wanda ke ƙunshe a ɗaki ba mai ko fita da shi ƙofar gida?

Bari in ɗan yi bayanin awon don kada ya zama magana a iska. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita sau kansa. In amsar ta faɗo tsakanin 18.5 da 24.9 to lafiya lau, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba wadda likitoci ke lissafawa a matsayin cuta. Ga misali, mutum biyu kowa kilo 70. Na farko tsawonsa mita 1.75, lissafinsa bai kai 23 ba, ba shi da matsala. Na biyu tsawonsa mita 1.5, nasa ya haura 31, ya riga ya faɗa ciki. Ka ga kenan masu larurar Down da yawancinsu gajeru ne, kilon da ba komai ba ne a jikin yayansu, a jikinsu kaya ne. Awon yana da nasa raunin, ba ya bambanta tsoka da kitse, mai ɗaga ƙarfe zai iya fitowa da lamba babba alhali ba kitse gare shi ba, shi ya sa ake haɗawa da awon ƙugu, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, kada kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka. Tef ɗin tela ma ya isa, ba sai an je asibiti ba.

Na san wani zai ce ai ƙiba ta zama ruwan dare, kuma gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga ciki suna da ƙiba sosai. Amma akwai bambanci babba. Ni da kai in muka yi teɓa, mu muka shiga kasuwa, mu muka zaɓi abin da muka ci, mu za mu iya cewa daga gobe na daina shan lemo. Shi kuwa mai wannan larurar kusan komai na rayuwarsa a hannun wani yake. Wani ke dafawa, wani ke zubawa, wani ke rubuta masa magani, wani ke yanke shawarar yau za a fita ko ba za a fita ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an ce "ai ci ne da shi" ko "ai malalaci ne". Kafin a ɗora masa laifi a fara duba hannuwan da ke kewaye da shi.

Wani ɓangaren daga halitta yake, wannan ba musu. Larurar Down, wadda likitan Ingila John Langdon Down ya siffanta a 1866 kuma aka gano a Faransa a 1959 cewa ƙarin ƙwayar gado ce ta uku a lamba ta 21, tana zuwa da sanyin tsoka da sakin gaɓoɓi, motsi na yi musu wahala fiye da mu, suna saurin gajiya. Kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya. Sannan ga wata 'yar halitta a gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke saita saurin yadda jiki ke ƙona abinci, kuma a wurinsu tana yawan yin sanyi. In ta yi sanyi mutum zai dinga ƙiba, kasala, yawan barci, jin sanyi, bushewar fata, ciki ya ɗaure, sai 'yan gida su ce halinsa ne ya canza ya zama rago, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna, maganinta kuma ƙwaya ce guda da safe. Ga kuma toshewar numfashi a barci, munshari mai ƙarfi da ɗauke numfashi sai ya yi firgigit, ya tashi da safe a gajiye kamar bai kwanta ba, gajiyar ta hana shi motsi, rashin motsin ya ƙara ƙiba, ƙibar ta ƙara toshe maƙoshin, haka abin zai yi ta zagayawa.

Akwai wata larurar ma da ta fi wannan tsanani ta fuskar ci, ana kiranta Prader-Willi, likitocin Suwizalan suka fara bayaninta a 1956. Mai ita ƙwaƙwalwarsa ba ta samun saƙon cewa ya ƙoshi, ko ya cinye tukunya yunwa yake ji, yunwa ta gaske ba kwaɗayi ba. Iyalai a Turai har kwaɗo suke sa wa firji da kicin. Ka yi tunanin irin wannan yaron a gidan da ba a taɓa jin sunan larurar ba, dukan da zai sha a kan "satar abinci", Allah kaɗai ya sani.

Sai magunguna, kuma nan ne nake so a tsaya sosai don mutane ba su cika sani ba. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma ɗaya daga cikin sanannun magungunanta, sodium valproate, yana sa ƙiba. Haka magungunan kwantar da hankali irin su olanzapine da risperidone, suna buɗe ciki su sa mutum ci ba ƙaƙƙautawa, su kuma taɓa sugan jini. Matsalar ita ce sau da yawa ana ba su waɗannan ba don suna da ciwon da aka yi maganin dominsa ba, a'a don dai su yi shiru su daina damun mutane. A Ingila hukumar lafiyarsu ta ƙiyasta a 2015 cewa manya masu larurar tsakanin 30,000 zuwa 35,000 ne ke shan irin waɗannan ƙwayoyin ba tare da an tabbatar suna da ciwon da ya wajabta ba, har ta kai a 2016 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna STOMP don rage wannan ɗurawar. Ingila kenan fa, inda sai da takardar likita ake samun magani. Mu da za ka shiga kemis ka ce yaro ba ya barci yana fashe-fashe a naɗo maka a leda? Sai dai dan Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya tsayar wa ɗansa da maganin farfaɗiya, tsayarwa farat ɗaya na iya kisa. Abin yi shi ne a koma wurin likita a ce masa tunda aka fara wannan maganin ya ƙara kilo kaza, akwai wani madadi? za a iya rage yawan? har yanzu yana buƙatarsa? Tambaya ce da haƙƙinka ne ka yi ta.

Amma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, babban abin da na gani da idona ba halitta ba ne ba magani ba ne, ƙauna ce. Ƙanena ya wuce talatin yanzu, yana da larurar Down, kuma duk unguwa an san shi ana son shi. In ya fita da safe mai shayi zai ce zo nan mutumina, a haɗa masa mai kauri da biredi. Ya wuce gaban mai ƙosai ta ce ungo na Allah. Baƙo in ya zo gida ba ya iya zama ya yi hira da shi na minti biyar, to me zai yi ya nuna ya damu da shi? sai ya miƙa masa lemon kwalba ko ya ba shi kuɗin alawa. Hajiyarmu kuwa in ya ce "Hajiya ƙari" ba ta iya cewa a'a, sai ta ce ku ƙyale min shi, me ya samu a duniyar, aure zai yi ko aiki zai yi, abincin ma sai an hana shi? Wallahi duk lokacin da ta faɗi haka sai na ji hawaye, don na san daga ina maganar ta fito. Kowa a cikinsu alheri yake nufi. Amma in ka tara alherin mutum goma a yini guda, a cikin mutum ɗaya gajere mai sanyin tsoka yake sauka.

Ga kuma al'adarmu da ke ɗaukar ƙiba alamar kulawa. In dangi suka zo suka gan shi ya yi ɓul-ɓul sai su ce masha Allah ana kula da shi, in ya ɗan faɗa sai a fara ƙus-ƙus wai an yi watsi da marar lafiya. Uwa tana jin wannan, matar wa da ke riƙe da shi ta fi kowa ji, don ita za a fara zargi.

A can Amurka da Turai siffar ce ta bambanta amma cikin ɗaya ne. Da yawa daga manyan suna zaune ne a gidajen kulawa na mutum kaɗan-kaɗan da ma'aikata masu karɓa-karɓa, wanda ke bakin aiki shi ke yanke abin da za a ci, kuma ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba ga gajiya, abin da ya fi sauƙi zai kawo, soyayyen dankali da fiza da lemo. Abinci kuma ya zama lada, in ka yi wanka za a ba ka biskit, in ka yi shiru a mota za a tsaya a saya maka askirim. Har a filin wasan ma, a gama atisaye na awa ɗaya sai a raba lemo da kek don a faranta musu. Kamfanin Coca-Cola na cikin masu ɗaukar nauyin Special Olympics tun daga 1968, ba na raina gudunmawarsu, kuɗinsu ya kai yara da yawa inda ba su taɓa mafarki ba, amma ni dai ba na jin daɗin ganin tambarin lemo a filin da a gefensa ake auna mutane ana ce musu sun yi ƙiba. Lemon kola na roba mai rabin lita yana ɗauke da suga wajen giram 50, wanda shi ne gaba ɗaya iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum a yini, kusan ƙaramin cokali 12. Roba ɗaya, an gama da kason ranar.

Shi kansa wasan sai an duba wane iri ne. A cikin wasannin da manya suka fi shiga akwai boce, wanda ake gangara ƙwallo a ƙasa a ga ta wa ta fi kusa da ƙaramar, da bolin, wanda ake gangara ƙwallo mai nauyi a kayar da 'yan sandunan da aka jera. Wasanni ne masu kyau, suna fitar da mutum cikin jama'a, suna ba shi abokai da abin alfahari, kuma ga wanda ba ya iya gudu su ne ƙofarsa. Amma ba sa sa zufa. Ko masu ƙwallon ƙafa da gudu ma, da yawa sau ɗaya suke fita a sati, na 'yan watannin kakar wasa, sauran shekarar ana zaune gaban talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, kuma a ƙa'idojinta na 2020 ta fito fili ta ce har da masu naƙasa. Atisayen awa ɗaya ranar Asabar a kan kwana shida na zama da lemo, ɗiban ruwa ne da kwando. Su ma masu gasar sun gane haka, shi ya sa suka fito da wani tsari mai sauƙin haddacewa da suke kira Fit 5, motsa jiki kwana 5 a sati, kayan lambu da 'ya'yan itace sau 5 a yini, ruwa gora 5 a yini.

Kuma ba wai jikin nasu ba zai iya ba ne. A watan Nuwamban 2020 wani matashi Ba'amurke mai larurar Down, Chris Nikic, ya kammala gasar Ironman a Florida, iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun kilomita 42, duk a yini ɗaya, shi ne na farko mai larurar da ya yi haka. Ba ina cewa kowa ya zama shi ba, yana da uba da koci da suka tsaya masa kullum da kuɗin yin hakan. Amma ya rufe bakin masu cewa ai su haka Allah ya yi su ba abin da za a iya.

Me ya sa na damu haka? Saboda ƙibar nan ba maganar kyan gani ba ce, kwana take ragewa. Ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa da baya, ciwon zuciya, kitse a hanta. A da masu larurar Down ba sa daɗewa, a Amurka a 1983 matsakaicin shekarunsu bai wuce 25 ba, yanzu ana maganar wajen 60 saboda aikin zuciya da maganin cututtuka, wato yanzu ne suke kai shekarun da waɗannan ciwukan ke kama mutum. Wani babban bincike da aka fitar a Ingila a 2013 kan mace-macen masu naƙasar ƙwaƙwalwa ya nuna mazansu na rasuwa da shekara 13 kafin sauran maza, matan kuma shekara 20 kafin sauran mata, kuma da yawa daga mace-macen da an kula da wuri da an kauce musu. Ajali na Allah ne, ba mai ja, amma sakaci namu ne kuma za a tambaye mu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ni in suga ya kama ni zan ce ina yawan fitsari, ina jin ƙishi, idona na hazo. Shi ba lallai ya iya faɗa ba, sai dai ya yi fushi, ya ƙi tashi, ya jiƙa shimfiɗa, sai a ce larurarsa ce ta motsa, har likita ma wani lokacin larurar yake gani ba mutumin ba. Don haka ne a Ingila aka ware musu duba lafiya na musamman sau ɗaya duk shekara daga shekara 14. Mu nan Najeriya dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan a takarda, amma duba na shekara-shekara sai dai iyali su ɗaura wa kansu, a ware rana, a je a gwada suga da hawan jini da tayirod ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Abin da muka yi a gidanmu ba wani abin mamaki ba ne. Ba mu ware masa abinci ba, don ba abin da ya fi cin rai kamar kowa na cin shinkafa da miya kai an ajiye maka ganye a gefe, zai ga horo ne ake masa kuma bai san laifinsa ba. Gidan gaba ɗaya ya canza, lemo ya koma na ranar Juma'a da sallah, zoɓon gida aka rage masa suga, aka ƙara zogale da kabeji da wake, tuwon aka rage malmala miyar aka ƙara. Kwanonsa aka sauya da ɗan ƙarami wanda in an zuba yake cika fal. Na bi mai shayi da mai ƙosai na roƙe su, ban ce su daina ba, na ce in ya zo a ba shi ƙosai biyu kawai, shayin kuma ba suga sosai, kuma wallahi sun karɓa hannu biyu, mai shayin ma cewa ya yi ai da an gaya masa tun tuni. Masallacin da ya fi nisa muka koma zuwa la'asar da ƙafa ni da shi. Sannan aka ba shi aiki, shi ke ɗebo ruwa, shi ke share ƙofar gida, shi ke raka yara makarantar allo, kuma yana ji da wannan aikin fiye da yadda kake tsammani, in wani ya riga shi ɗaukar tsintsiya rigima ce.

Abu ɗaya da nake ta nanatawa 'yan gidanmu, babban mutum ne ba yaro ba. Yana da haƙƙin a yi masa bayani a yaren da zai gane, a nuna masa cokulan sugan da ke cikin kwalba ya gani da idonsa, a tambaye shi lemun zaƙi kake so ko ayaba, ƙwallo za mu je ko zagaye. In ranar biki ya ce shi fa yau sai ya sha lemo, ya sha, mu ma muna karya dokar likita ranar biki. Rage ƙiba ba lasisin tsawa da ƙwace kwano a gaban mutane ba ne, kuma duk wanda ya kira shi da sunan tsokana a kan jikinsa ni da shi ne. Masu larurar Down kuma kafin su shiga wasa mai tsalle ko karo ko buga ƙwallo da ka, a fara kai su likita ya duba zuciya da ƙashin wuya, don wasunsu gaɓar saman wuyansu na da saki.

Su kuma matan, su ne na fi tausayawa, kuma ban yi mamaki ba da alƙaluman suka nuna sun fi maza ƙiba. Ƙanena namiji ne, yana fita, unguwa ta san shi. 'Yar maƙwabtanmu mai irin larurarsa tunda ta balaga ba ta ƙara taka ƙofar gida ba sai in asibiti za a je, kuma ba zan ga laifin uwarta ba, tsoron 'yan iska take, tsoro ne mai dalili don mun sha jin abin da ake yi wa irinsu. To amma sakamakon shi ne mace 'yar shekara ashirin da wani abu tana zaune a tabarma ɗaya daga safe har dare, ana miƙo mata abinci, yanzu tashi ma sai ta dafa bango. Na yi wa uwar magana, ta ce to Yaya ina zan kai ta? Ba filin mata a unguwar, ba malama mai koyar da motsa jiki, makarantar masu buƙata ta musamman kuma ta yara ce ta wuce shekarun. Abin da muka iya haɗawa shi ne matan gidajen nan uku, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, su rufe ƙofar gidan da ya fi faɗin tsakar gida su yi ta zagaye da ita suna hira, wani lokacin a kunna waƙa a waya a ɗan taka, ita ke zaɓar waƙar. In akwai mace a cikin masu karanta wannan da ta karanci motsa jiki ko aikin gashin ƙashi kuma tana da awa ɗaya a sati da za ta iya bayarwa, ta tambaya a unguwarsu, za ta samu irin wannan yarinyar a bayan wata katanga ba nisa da gidansu.